Kifin da ba ya zuwa kasuwa: muhawarar Zauren Masunta kan masu faɗin goshi na Tafkin Baikal

Nura Irkutsk: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yafe ni, kwana tara na yi shiru, muna bakin tafki ne inda waya ba ta kamawa. Ga hoton abin da ya kai mu can. Duk wanda ya faɗi sunansa da Hausa yana da tsaraba ran da na dawo.

Auwal Birgi: Wa alaikumus salam. Wannan ai kurungu ne mota ta taka masa kai.

Hajiya Mai Banda: A'uzubillahi. Ɗana, wannan kifi ne ko kwaɗo ne ya ari riga? Kai kamar faranti, jiki kamar wutsiyar ɓera.

Nura Irkutsk: Hajiya kin kusa, don su ma Rashawan da siffarsa suka raɗa masa suna. Suna ce masa shirokolobka, wato mai faɗin goshi, wasu kuma su ce bicok, ɗan maraƙi. Mu a zauren nan sai mu ce masa mai goshi mu huta. Dangi ne babba da ke rayuwa a ruwan sanyi, ana samunsu a kogunan Turai da Amurka ta Arewa da Japan, amma babu wani ruwan daɗi da suka bazu suka rarrabu kamar Baikal. A tafkin nan kaɗai akwai nau'insu sama da 30, kuma kusan dukkansu babu su a ko'ina a duniya sai nan. Wannan na hoton tsawonsa bai kai tafin hannuna ba. Ba shi da ɓawo, sannan ba shi da jakar iskar nan da kuke cirowa in kun fede karfasa, shi ya sa ba ya iya tsayawa a tsakiyar ruwa. A ƙasa yake kwanciya cikin duwatsu, in zai motsa sai ya yi tsalle ɗaya ya sake lafewa.

Alhaji Mai Gona: Ana cinsa?

Nura Irkutsk: Ba a kai shi kasuwa, Alhaji.

Alhaji Mai Gona: To ni a nan nake da magana, kuma ƙanena kada ka ji haushi. An ɗauke ka daga New Bussa an kai ka Rasha karatun kifi. Mu nan buhun abincin kifi yana neman ya kore mu daga sana'a, 'ya'yan tarwada suna mutuwa a kwami ba mu san dalili ba, kai kuma kana can kana ɗaga duwatsu kana leƙen abin da ko mage ba za ta ci ba. Me za ka dawo mana da shi? Ruwansu ƙanƙara, namu kamar shayi. Ina haɗin biri da gada?

Malama Bilki: Alhaji, ka bari ya gama bayani mana. Ni dai ina son in ji, don ɗalibaina kullum tambayata suke wai kifi yana rayuwa a ƙarƙashin ƙanƙara.

Nura Irkutsk: Ban ji haushi ba Yaya, mahaifina ma tambayar da ya yi mini ke nan. Bari in fara da tafkin, don sai an san gidan kafin a gane mai gidan.

Tsawon Baikal kilomita 636, ya ɗan fi tafiyar Kano zuwa Maiduguri. Zurfinsa a inda ya fi zurfi mita 1,642, babu tafkin da ya kai shi a duniya. Ku kwatanta da Kainji da bai wuce mita 60 ba a wajen madatsa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa, wanda bai daskare ba, yana cikinsa. Koguna sama da 300 ne ke zuba a ciki, mafi girma Selenga da ke tasowa daga Mongoliya, amma guda ɗaya tak ke fita, Angara, wanda ya ratsa garin da nake. Shekarunsa sun kai miliyan 25. Daga Janairu zuwa Mayu samansa daskarewa yake, ƙanƙarar kan kai mita guda, har mota ake hawa da ita. Can ƙasa kuwa ruwan bai san rani ko damina ba, kullum yana tsakanin digiri 3 da 4.

Malama, amsar ɗalibanki ke nan. Ƙanƙara murfi ce kawai. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, sai ya nutse ƙasa, wanda ya fi shi sanyi ya taso sama ya daskare. Kifi na ƙasa yana harkarsa.

Auwal Birgi: Mita 1,642 kuma akwai kifi har ƙasa? Ka dai faɗi gaskiya Nura. Mu a dam in ka zura mamari ya yi zurfi da yawa, matacce kake ciro kifin.

Nura Irkutsk: Gaskiyarka, kuma wannan shi ne abin da ya bambanta Baikal. A ruwan ƙasashen zafi na sama ɗumi gare shi, ba shi da nauyi, sai ya zauna a sama ya ƙi gauraya da na ƙasa, na ƙasan ya rasa iska. Tanganyika zurfinsa mita 1,470, shi ne na biyu a duniya, amma in ka wuce kamar mita 200 babu iskar da kifi zai shaƙa. Baikal kuwa sanyi yana juya ruwansa, na sama mai ɗauke da oksijin yana gangarawa, shi ya sa akwai iska har gindi. Kuma ruwan sanyi ya fi riƙe iska: lita guda a bakin daskarewa tana ɗaukar miligiram 14 da ɗoriya, a digiri 30 kuwa bai kai 8 ba. Alhaji ya fi ni sanin wannan a aikace.

Alhaji Mai Gona: Wannan kam na sani. Watan Afrilu da asuba za ka tarar da su duk sun taso suna haki a sama. Amma ban buƙaci zuwa Saiberiya ba kafin in gane.

Jikan Sarkin Ruwa (Yauri): Salamu alaikum. Baba na kusa da ni, na nuna mishi hoton. Ya ce a tambayi yaron, shin wa ke gadin ƙwai, uwa ko uba? Ya ce kifi mai irin wannan kai da ke zaune ƙarƙashin dutse, da wuya in ba uban ne ba.

Nura Irkutsk: Allah ya ja zamanin Baba. Wallahi ya harbo daidai, uban ne. Kuma abin da muka je dubawa ke nan.

Akwai nau'in da ake kira mai rawayan fiffike. Lokacin aure namijin yakan yi baƙi, fukafukan gefensa su yi rawaya shar kamar an tsoma a kurkur. Ayari uku suke zuwa gaɓa su yi ƙwai: na Maris tun ƙanƙara na rufe, na Mayu, da na Agusta. Mu na Mayu muka tara. Namiji zai sami dutse mai rami a ƙasa, ya share, mace ta shigo ta juya cikinta sama ta manna ƙwai a rufin dutsen, ta yi gaba abinta. Shi zai zauna makonni yana yi musu fifita da fukafukai don ruwa ya riƙa gudana, yana korar masu cin ƙwai, ba ya ko neman abinci. Da yawansu a bakin aikin suke mutuwa.

Ranar farko na shiga ruwa da dogon takalmin roba har ƙirji, safar hannu biyu, duk da haka bayan minti goma yatsuna ba nawa ba ne. Na ɗaga wani dutse kamar girman murfin tukunya. A cikinsa ga ƙwai manne, dunƙule guda kamar an liƙa gero da ƙaro. Namijin bai gudu ba. Ya buɗe fukafukai, ya kumbura kai, ya tsaya yana kallona, shi da bai kai wayar hannuna ba. Ramammen gaske, duk jikinsa ƙuje. Malamarmu ta daka mini tsawa daga gaɓa wai in mayar da dutsen yadda na same shi, ba a juye ba, in ba haka ba na kashe gida guda. Na mayar a hankali kamar mai ajiye jariri.

Jikan Sarkin Ruwa (Yauri): Baba ya yi dariya ya ce to ai gaiwa ce ta can. Ya ce gaiwa ma namijin ke tsaron rami, in ka sa hannu ya cije ka. Bargi da yauni su ma sheƙa suke yi cikin ciyawa su tsare. Ya ce a zamanin mahaifinshi wanda aka kama yana ɗibar kifi a kan sheƙa, sai an karɓe mishi koma.

Hajiya Mai Banda: Su karfasa kuwa uwa ce ke goyo a baki. Allah mai iko. Ashe a ruwa ma akwai mazan da ke zaman jego, na tudu ne dai suka gagara.

Auwal Birgi: Hajiya kada ki jawo mana wata muhawarar.

Alhaji Mai Gona: Labari ya yi daɗi, na yarda. Amma har yanzu ba a amsa mini ba. Amfaninsa fa?

Nura Irkutsk: Yanzu zan zo kai Yaya. Kifin kuɗi a Baikal shi ne omul, fari ne mai ɓawo, dangin kifayen ruwan sanyi. Shi ne giwan ruwansu ta fuskar daraja, duk da bai fi tsawon kamu biyu ba. In ka je Listibiyanka, ƙauyen bakin tafki mai nisan kilomita 70 daga nan, mata ne jere da akwatunan hayaƙi suna sayar da shi da zafinsa. Hajiya, da kin gansu za ki ce 'yan uwanki ne. To wannan omul ɗin, cikin abincin da ke sa shi ƙiba akwai 'ya'yan mai rawayan fiffike. Duk ƙwan da namijin nan ya tsare, in sun ƙyanƙyashe sun fita sarari, rabon omul ne.

Sai aka yi abu biyu a lokaci guda. A shekarun 1950 aka datse Angara a nan Irkutsk don wutar lantarki, ruwan tafkin gaba ɗaya ya ƙaru da kusan mita guda, gaɓar duwatsun da suke ƙwai ta canza, kuma daga lokacin hawa da saukar ruwa ya koma hannun masu buɗe ƙofar dam. A shekarun nan ne kuma aka riƙa kwasar masu rawayan fiffiken da yawa daidai lokacin da suka taru a gaɓa, tunda kamunsu ba wuya. Suka ragu sosai. Omul ma ya faɗi, har a 1969 gwamnatin Sobiyet ta hana kama shi, hanin ya yi shekaru. Ban ce rashin mai goshi kaɗai ya jawo ba, an yi wa omul ɗin kansa kamun wuce kima. Amma an taɓa shi ta sama da raga, an taɓa shi ta ƙasa da yunwa.

Yau ma muna cikin hani na biyu. Tun 1 ga Oktoba 2017 an dakatar da kamun omul na kasuwanci.

Hajiya Mai Banda: To ka ce mata na sayarwa a kasuwa. In an hana kamu, daga ina suke samowa?

Nura Irkutsk: Hajiya, wannan tambayar ko a can ba a son ta. An bar wa ƙabilun asali ɗan kaso na gargajiya, akwai mai fatsa da aka yarje wa kaɗan, akwai kuma fararen kifi da ake kawowa daga wasu wurare a sayar wa baƙo da sunan omul. Sauran kuma kin san hanyar da suke biyowa.

Hajiya Mai Banda: Na sani sarai. Kifin dare. Duniya duk ɗaya ce.

Ɗan Baga: Ni abin da ya tsaya mini shi ne maganar dam. Mita guda kawai? Mu da muka ga abin da Tiga da Challawa suka yi wa fadamar Hadeja da Nguru, mita guda ai wasa ne. Ambaliyar da kifi ke bi ya hau fadama ya yi ƙwai ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa.

Nura Irkutsk: Ga tafki mai zurfin kilomita ɗaya da rabi mita guda ba komai ba ne. Ga kifin da ke liƙa ƙwai a dutsen da ruwansa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, mita guda ita ce duniyarsa. In an rage ruwa lokacin da yake gadi, dutsen ya fito fili, ƙwai su bushe, tsuntsaye su yi biki. Har yanzu duk shekarar da aka yi ƙarancin ruwa ko ambaliya sai an yi rigima tsakanin Irkutsk mai dam da Buryatiya da ke ɗaya gaɓar kan iyakar da za a bar ruwan ya kai.

Ɗan Baga: To wannan rigimar kam mun san ta. Na sama da dam da na ƙasa da dam ba sa taɓa shiri.

Malama Bilki: Nura, na taɓa ganin wani kifin Baikal a talabijin wanda ake hango ƙashinsa ta cikin jiki. Shi ma danginsu ne?

Nura Irkutsk: Shi ne golomiyanka, Malama, kuma shi ne abin mamakin gidan. Dangin masu goshi ne, amma ya bar kwanciya a ƙasa ya koma yawo a tsakiyar ruwa. To ba shi da jakar iska, yaya zai yi ya taso? Sai ya cika jikinsa da mai. Nau'i biyu ne, babba da ƙarami. Babban, wanda bai fi santimita 20 da 'yan kai ba, sama da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa kitse ne. Ƙashinsa marar nauyi, fatarsa ba ɓawo, launinsa fari-fari mai ɗan ja, fukafukansa dogaye kamar mayafi. Rashin jakar iskar ma ya zame masa alheri, don yana iya sauka ɗaruruwan mitoci ya hau ba abin da zai fashe masa a ciki. Da dare yakan taso sama bin abinci, da rana ya koma duhu.

Kuma ba ya ƙwai. Haihuwa yake yi, 'ya'ya rayayyu, uwa ɗaya takan zubar da kusan 2,000. Wani likita ɗan Foland, Benedikt Dibowski, wanda Sarkin Rasha ya kora Saiberiya bayan tawayen 1863, shi ya zauna a ƙauyen Kultuk yana huda ƙanƙara yana binciken halittun tafkin. Ƙaramin golomiyanka sunansa yake ɗauke da shi har yau.

Abin da zai ba Alhaji haushi: in aka auna duk kifin Baikal, kusan kashi biyu cikin uku golomiyanka ne. Kuma ba mai kama shi, saboda ba ya tafiya garke, ɗaiɗai yake a warwatse, ragar da za ka ja ba za ta biya kuɗin mai ba.

Alhaji Mai Gona: Innalillahi. Kashi biyu cikin uku na tafki asara.

Auwal Birgi: Na ji an ce in ka ajiye shi a rana narkewa yake ya bar ƙaya kawai.

Nura Irkutsk: Ana faɗa, masu yawo da baƙi suna son labarin. Ni abin da na gani da idona: mun ciro ɗaya a ragar bincike, na ɗora a takarda kusa da murhu na juya ina rubutu, kafin in waiwayo takardar ta jiƙe da mai kamar an naɗe ƙosai, kifin ya saki ya yi laushi. Bai ɓace ba dai. Na sha faɗa ranar, don samfurin awo ne na lalata. A da mutanen gaɓa kan tsinci waɗanda igiyar ruwa ta watso su narka man su yi fitila da magani.

Kuma ba asara ba ne Yaya, akwai mai cinsa. Nerpa.

Hajiya Mai Banda: Wace ce kuma Nerpa?

Nura Irkutsk: Dabba ce Hajiya, ki ɗauka kamar ayu, amma ƙarama, mai gashi da manyan idanu, kuma ita nama take ci ba ciyawa ba. 'Yan uwanta galibi a teku suke, ita kaɗai ce nau'in da rayuwarta gaba ɗaya a ruwan daɗi take. A kan ƙanƙara take haihuwa cikin ɗakin da ta haƙa a dusar ƙanƙara. Sun kai dubu ɗari ko fiye, kuma golomiyanka da sauran masu goshi su ne tuwonsu.

A nan rigimar take. Masunta da yawa a can sun haƙiƙance nerpa ce ta cinye omul, ita da wani baƙin tsuntsu mai nutso da ya ɓace shekaru da yawa ya dawo. Suna neman a rage su. Masu bincike kuma sun buɗe cikin nerpa ba adadi, abin da suke tararwa galibi golomiyanka ne, omul ɗan kaɗan, don omul ya fi ta gudu. Inda take samunsa a sauƙaƙe shi ne in ya maƙale a raga. Masunci ya ɗago raga ya ga rabin kifi, ya ga kan nerpa na leƙe, shi ke nan shari'a ta ƙare.

Auwal Birgi: To ai ni ina bayan masuntan. Mutumin da ya kwana a ruwa ya fi mai farar riga sanin abin da ke ci masa kifi. Ku 'yan boko kullum masunci ne mai laifi.

Nura Irkutsk: Ban raina ganinsu ba Auwal, abin da suka gani gaskiya ne, ta ci na raga. Amma nerpa da omul sun yi dubban shekaru tare omul bai ƙare ba. Abin da yake sabo shi ne ragar leda mai arha da ake sayowa a zuba, in ta yage a bar ta a ruwa ta ci gaba da kisa ba mai ɗagawa. Sabo ne tare omul a bakin Selenga lokacin da yake hawa kogi ya yi ƙwai. Sabo ne ƙazantar masaukan baƙi da ke gangarawa gaɓa, har gansakuka ta fara rufe duwatsun da masu goshi ke aure a kai. Masana'antar takarda ta Baikalsk ta yi aiki a bakin tafkin daga 1966 zuwa 2013, tarin dattinta na nan har yanzu. A bar duk wannan a kama nerpa, an bar jaki ana dukan taiki.

Auwal Birgi: Naji, amma wanda aka hana kamu tun 2017 da me zai ci da iyalinsa? Mai bincike albashinsa na tafiya. Hani ba ya taɓa cin mai babban jirgi, ƙaramin masunci yake ci.

Nura Irkutsk: Wannan ba ni da amsarta, kuma na ga ƙauyukan da abin ya kwantar. Dalilin da ya sa kifin dare bai ƙare ba ke nan.

Jikan Sarkin Ruwa (Yauri): Baba ya ce Auwal da Nura duk ku saurara. Ya ce lokacin da aka zo hana jan dala a Kainji, shi yana cikin waɗanda suka yi faɗa, don masu dala mutanenshi ne. Dala na kwashe 'yan mitsi-mitsin kifin nan da ake shanyawa a rana, tare da 'ya'yan manyan kifi da ba su kai komai ba. Ya ce shekarun da aka fi jan dala, su masu mamari sun ga giwan ruwa da tsage sun ja baya, wanda aka samu kuma ba kitse. Ya ce babban kifi ba iska yake ci ba. Amma ya ce hanin da ba a zauna da masu ruwa an yi ba, takarda ce. Yanzu ga shi har da gidan sauro ake tace ruwa.

Sani Mishigan: Ku ba ni dama in sa baki daga nan Amurka. Mu ma muna da masu goshin a Manyan Tafkuna, kuma su ne abincin kifin tirawut na asalin wurin. A 1990 aka fara ganin wani baƙon kifi a kogin St. Clair, ɗan asalin yankin Baƙin Teku da Kasfiyan, wanda ya biyo ruwan da jiragen dakon kaya ke ɗiba don daidaita nauyi su zo su zubar. Kamarsu ɗaya da mai goshi, zamansu ɗaya a ƙarƙashin dutse, sai dai ya fi shi faɗa da yawan haihuwa. Ya ƙwace ramukan, ya cinye ƙwan. Akwai gaɓoɓin da yanzu in ka jefa ƙugiya shi kaɗai za ka ciro.

Nura Irkutsk: Yaya Sani, mu ma akwai namu, rotan, daga yankin kogin Amur aka shigo da shi, ya cika fadamar bakin Selenga. Sanyin tsakiyar tafkin ne dai ya tsare shi a gefe.

Malama Bilki: Abin dariyar shi ne giwan ruwanmu da muke taƙama da shi a Argungu shi ne irin wannan baƙon a wani wuri. A shekarun 1950 aka zuba shi a Tafkin Biktoriya, zuwa shekarun 1980 ya mamaye, ana ƙiyasta ƙananan kifaye 'yan asali kusan nau'i 200 suka ɓace. An sami kifin fitarwa Turai kam.

Alhaji Mai Gona: Yawwa Malama, an sami kifin fitarwa. Masana'antu suka buɗe a Mwanza da Kisumu, mutane suka sami aiki. Ku faɗa mini wa ya yi kukan nau'i 200 ɗin in ban da masu rubuta takarda?

Malama Bilki: Matan da ke shanya ƙananan a rana su ciyar da gida, Alhaji. Giwan ruwa ba ya shanyuwa, mai gare shi, sai an yi banda, banda kuma sai itace. Tambayi Hajiya nawa take kashewa a itace.

Hajiya Mai Banda: Kada ma ku tuna mini. Amma ni wata tambaya ke cina tun ɗazu. Nura, kifin nan ba ɓawo, ga haihuwa kamar akuya. Ya halatta?

Auwal Birgi: Hajiya tarwadar da kike bandarta shekara talatin ɓawo gare ta?

Hajiya Mai Banda: Ja'iri. Haihuwar ce ta tsaya mini, ba ɓawon ba.

Nura Irkutsk: Wannan sai malamai Hajiya, ni dai abin da aka karantar da mu a gida shi ne abin ruwa halal ne. Ban ci golomiyanka ba, ba don haramci ba, don kallon takardar nan ya ishe ni. Omul kuwa na ci. Akwai yadda suke cinsa ɗanye, a daskarar da shi ya yi tauri kamar itace, a bubbuga da gatari, a barbaɗa gishiri da barkono. Sau ɗaya na gwada don kunyar mai masauki.

Alhaji Mai Gona: To ƙanena, ban sauka daga maganata ba, da kiwo ka karanta da na fi murna. Amma akwai abin da ya taɓa ni a zancen dutsen nan. Ƙaramin dam ɗin garinmu shekara uku ke nan ana kwasar yashi da tsakuwa a bakinsa da tifa, kuma masunta na kukan karfasa ta ragu. Kowa na cewa asiri ne ko masu guba. Ba wanda ya taɓa shiga ya duba inda take sheƙa.

Nura Irkutsk: Wannan aikin ba ya buƙatar Saiberiya Yaya, igiyar awo ce da littafi da mutum biyu masu haƙuri. In Allah ya kai mu hutun Agusta zan zo, in dai alawus ɗinmu ya fito, don wata biyar ke nan muna jira. A nuna mini inda ake kwasa da inda ba a taɓa ba, mu ƙirga ramukan sheƙa a kowanne.

Alhaji Mai Gona: Kuɗin mota daga Kano a wuyana. Na jirgi kuwa kai da masu alawus.

Jikan Sarkin Ruwa (Yauri): Baba ya ce Agusta ruwa ya yi ja, ba za ku ga ƙasa ba. Ya ce ku nemi tsohon masunci na wurin ya shiga da ƙafa, da tafin ƙafa ake jin ramin karfasa. Kuma ya ce tsarabar da aka yi alkawari tashi ce, tunda shi ya faɗi mai gadin ƙwai.

Auwal Birgi: A'a, suna aka ce a faɗa. Ni na fara cewa kurungu.

Nura Irkutsk: Kurungu da mota ta taka ba suna ba ne Auwal. Hular gashi ta Baba ce. A turo mini awon kansa.